Haƙora Ashirin da Uku

Kakana Ermete, a shagonsa na Gaiole,
yana da keken ƙarfe da ya girmi uwata.
Giya biyar, sandar sauyawa can ƙasa kusa da gwiwa,
sai ka saki hannu ɗaya, ka lalubo ta,
ka saurari sarƙa har ta daina gunaguni.
Sirdin fata ya haddace mai shi
kamar tsohon takalmi.

Nawa baƙi ne, yatsa biyu ke ɗaga shi.
Maɓalli nake taɓawa, batir ya yi sauran.
"Abin wasan yara," in ji shi.

Muka fita da duku-duku, kilomita ɗari biyu,
farar tsakuwa, gonakin inabi, faci sau biyu.
A tudun ƙarshe kafin Radda
gwiwarsa ta ƙi.
Haƙora ashirin da uku ba su san ɗan saba'in ba.

Ban ce uffan ba. Na miƙa masa nawa.
Ya hau, ya danna, ya sake dannawa.

Ni a baya ina kokawa da ƙarfensa, gumi har ido,
dariyarsa ta riga ni kaiwa sama:
"Ilde! Kada ki gaya wa kowa!"