Gurbin da Babu a Fom

Ƙarfe ɗaya na dare a Greensboro
na dawo daga sito, kafaɗuna kamar na aro,
na tarar da Hansatu a teburin kicin,
ta ture tukunyar shinkafa gefe, ta buɗe kwamfuta.
"Baba, ina takardun haraji?"
Ko sannu da zuwa ba ta ƙarasa ba.

Mu a Tasawa ba haka aka raine mu ba.
Ubana ya koma ga Allah ban san tumakinsa nawa ba.
In an ce yaya kasuwa, sai ka ce mun gode,
ko da kwana uku ba ka sayar da allura ba.
Rufin asiri muke roƙo bayan kowace salla.
Yau ga wani fom mara kunya
zai kwance mini zani a kasuwa:
dala nawa ka samu bara,
nawa ke kwance a banki,
baki nawa ke ci a tukunyarka.

Na ce rubuta goma sha ɗaya.
Ta ce, "Baba, mu biyar ne."
Na ce Inna fa, da maganin sukarinta?
Matar marigayi Lawali da marayunta huɗu fa?
Ta gangara da shafin, ta hau da shi.
"Babu gurbinsu."

To.

A jikin firji ta manna jerin ranaku,
kowanne da jan biro, kamar bashin da ke jiran wa'adi.
Malama Pruitt ta makaranta ce ta ce mata
kada ta raina ƙanana.
Dala ɗari biyar daga masu shirya gawa na bayan layinmu.
Dubu daga ƙungiyar masu gyaran famfo.
Wata tsohuwa da ba mu taɓa gani ba
ta mutu ta bar wasiyya
don 'yan mata masu son karatun ruwa.
Na yi mata fatan alheri a zuciyata,
ban ma iya faɗin sunanta daidai ba.

Kowa kuma da tambayarsa iri ɗaya:
ba mu labarin wahalar da kika tsallake,
cikin kalma ɗari biyar.
Ta karanta mini da Turancinta na hanci,
na kama rabi, rabi ya wuce ni.
Amma na ji watan Janairun nan,
sati biyun da muka kwana cikin mota
a bayan shagon wanki,
ina tada inji duk awa don ɗumi.
Na zaci barci take yi lokacin.

Na ce goge wannan.
Ta ce, "Baba, wannan layin ne zai biya."
Na ce ba a sayar da irin wannan.
Ta ce, "Ba sayarwa nake ba. Ni ma ina cikin motar."
Uwarta na tsaye bakin ƙofa da buta,
ba ta sa mana baki ba.

Sha shida ta nema.
Tara ko amsa sallama ba su yi ba.
Biyar sun yi nadama cikin ladabi.
Biyu suka ce e:
tsohuwar ruwa, da masu gawa.
Muka yi dariya har ƙaninta ya farka.

An haɗa da na gwamnati, da na jami'ar,
an tara, an ɗebe,
saura dubu shida da 'yan kai.
Ta tura mini alƙalumman ba ta ɗago ido ba.
Na ce da sauƙi.
Wannan karon ta bar ni na faɗa.

Na karɓi aikin Asabar.
Takardun harajin kuwa ban mayar da su ƙasan akwati ba,
suna nan kan firji, cikin leda,
baɗi ma za a sake tambaya.