Kusa Mai Baki Uku

Barira ta kawo ta cikin safa,
safar babanta, ƙafa ɗaya,
ta aje kan teburina a Katako
tsakanin gawarwakin salula.

"Kawu Tsahiru, wasa biyu gare ta,
na cinye su har sun gundure ni.
Sauran a kulle.
Wai sai da katin banki."

Mu da ko asusu ba mu da shi.

Alkasum ne ya aiko ta daga Oran,
shekarar da muryarsa ke zuwa duk Juma'a.
Yau wata tara ke nan
lambar ba ta shiga.

Na kifa ta. Kusoshi a baya,
kowace da baki mai reshe uku,
an ƙera su don kada irina ya leƙa.
Na ci bakin tsohon turnabis da magagari
har ya koyi yarensu.

Ilu mai shayi ya miƙo wuya:
"A bar kaza cikin gashinta."
Na ce, Ilu, kazar tamu ce,
da ɗaukar siminti aka biya ta.
Wanda ya sayar maka da ɗaki ya tafi da makulli,
me ya sayar?

Ciki gari ne kore, titunansa na tagulla,
ya fi Yamai tsari,
ba kududdufi, ba ɗan sanda a mararraba.
Na cire batir tukuna,
ba a yi wa mai ido biyu fiɗa.
Ɗan guntun da zan dasa, jikka shida na saye shi,
bai kai farcen Barira ba.
Wayoyi huɗu, sirara kamar gashi,
mazauninsu ƙwayar riɗi ta fi shi faɗi.

Ta fari ta kama.
Ta biyu ta kama.
Sai kuran ya tafi yadda ya saba, ba sallama.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.

Na tura ƙarfen dalma cikin garwashin Ilu,
gefen butar shayi.
Barira ta riƙe fitilar salula,
hannunta na rawa, inuwa na rawa,
nawa ne kawai ba shi da izini.
In dalma ta zarce da faɗin gashi
abin da uba ya aiko ya zama bulo,
ni kuwa ba ni da bakin gaya wa uwarta.

Na bar numfashi a waje.
Tagulla ta sha, ta sake sha.
Siririn hayaƙi ya tashi da warin ƙaro.

Na zura katin memori, sabuwar manhaja a ciki,
wadda wasu marasa barci suka rubuta
a garuruwan da ban iya faɗin sunansu,
suka bar ta kyauta
kamar randa a ƙofar gida.

Na mai da batir. Na danna.

Baƙi ƙirin.

Ɗaya, biyu, uku.
Mai amalanke ya wuce da kwanon rufi,
wani na rantsuwa kan dala ashirin.
Bakwai, takwas.
Ladan ya gyara murya.

Sai gilashi ya buɗe ido.
Rubutu ƙanana suka gangaro kamar tururuwa,
bayansu ƙofofi, sun fi ɗari,
duk a buɗe.

Ba ta shiga ko ɗaya ba.
Ta koma tsohon tseren mota,
ta nemo allon gwanaye.
ALK, can a sama,
minti biyu da daƙiƙa sha ɗaya.
"Bai goge ba," ta ce.
Ba da ni take ba.

Na rufe, na ɗaure, na girgiza: shiru.
Amma ga kusa ɗaya kan tebur,
ban san daga ina ta fito ba.
Na jefa ta gwangwanin tumatir wurin ƴan'uwanta.
Duk abin da na taɓa buɗewa
sai ya bar mini ɗaya.

Ta zauna kan bencin Ilu, safa a cinya,
ta sha kwana ta ƙarshe a guje,
tana gaba, tana gaba sosai.
Ni dai na ga ɗan yatsanta.
Daf da layi
ta taka birki.