Kilo Biyu

Shekara goma sha tara ina tsinkar ganyen shayi
a gangaren dutse, sama da garin Hatton,
kwando a baya, igiyarsa a goshi,
matsattsaku a ƙauri in damina ta sauka.
Kullum sikeli ya ce sha takwas,
biron mai awo ya ce sha shida.
"Nauyin raɓa ne," in ji shi.
Wace irin raɓa ce wannan,
da ko rana ta take sai ta ci rabonta?

Baƙi sun sha zuwa da farar mota.
Su ɗauki hotonmu, su sha shayinmu,
su tafi da kukanmu cikin jaka,
ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Ita a bas ta zo daga Kandy,
lauya, Hasini, lemarta a karye,
Tamilancinta na ɗingishi, yara na dariya.
Ta zauna a dandamalin ƙofar Kanagamma
ta ce: "Na san doka, ban san sikelin ba.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo.
Ku koya mini dutsen, in koya muku takarda."

Duk Laraba bayan an tashi, mu shida, fitila ɗaya.
Kwanan wata. Ƙarfe nawa. Wa ya gani.
"Fushin ku riƙe shi a ciki,
lamba za ku rubuta."
Yatsun da suka saba da ganye biyu da toho
suka yi ta gardama da biro.
'Yata Thulasi ke gyara mini bakwai
in ya fito kamar ƙugiya.
Selvarani ta janye a mako na uku,
ɗakin da take kwana na kamfani ne.
Ba wadda ta ga laifinta.

Wata huɗu, littafi ya cika, gefensa ya sha ruwa.
A ofishin ƙwadago Hasini ta koma bencin baya,
ta naɗe hannu, ta yi gum.
Na waiwaya. Ta ɗaga mini gira kawai.
Gwiwa na rawa na buɗe shafin farko,
muryata ta fito kamar ta aro,
kafin shafi na tara ta zama tawa.

Kilo ɗaya aka maido mana.
Ɗayan har yau ana ja.
Amma yanzu mai awo na juyo da fuskar sikeli wajenmu,
yana tsaki, yana juyowa.

Rabonmu da Hasini tun kafin Dipawali,
sai dai waya in abu ya cije.

Jiya mata uku suka hauro daga gonar ƙetaren kwari.
An kama ɗan ɗayarsu, kwana biyar, ba takarda.
Suka ce lauya suke nema.
Na ɗora ruwan zafi,
na ciro sabon littafi daga ƙasan tabarma,
na ce: ku zauna.
Wace rana suka zo? Ƙarfe nawa?
Wa ya gani?