Aron Zare

Da hantsi ajidan Kyari ya shigo shagona aron zare.
Na ce wane launi? Ya ce ja, wanda ido zai bi.
Na ba shi wanda nake aikin wuya da shi,
ban auna ba.

Ya soka tsinke a hujin ƙyauren kwano,
inda harsashin ya wuce daren Talata,
ya ɗaura, ya ja da baya, ya ja da baya,
ya tsallake kwata,
sai ga bakin zaren a tagar Isuhu mai goro.
Birni ta yi tsit.
Wani a bayana ya ce: ai dama.

Sai yaronsa mai rubutu ya jingina da ƙyauren,
ya motsa, bai kai faɗin tafi ba.
Zaren ya saki tagar Isuhu,
ya koma katangar masallaci.
A buɗe yake daren nan ko a saye?
Ni aka tambaya,
ni da nake ƙarƙashin keken ɗinki ina salati.

Akwai huji na biyu a bangon zaure,
amma Cima ta yaɓe shi tun asuba da jar ƙasa.
Ta ce ba ta iya wucewa yana kallonta.
Shatin yatsunta na nan, bai gama bushewa ba.

Likita ya rubuta: ta ƙasan haƙarƙari ya shiga, ya yi sama.
In Badamasi a tsaye yake, mai harbin yana tsugune.
In ya sunkuya ɗaukar buta,
yadda ya saba in an kira lisha,
to daga bisa aka sako.
Badamasi kaɗai ya sani,
kuma jiya muka kai shi.

Ga dutsen nan kuma, mai ƙusumbi, a bakin lungu,
da wani farin karce a gefensa.
Ajidan ya shafa, ya daɗe yana shafawa.
Ya ce harsashi in ya daki dutse
yakan manta wanda ya aiko shi.
Yara suka ce karcen tun bara yake,
amalanke ce ta goga.

Mai shayi ya ji ƙara uku.
Ladan ya ji biyu.
Amma a unguwar nan duwatsu na maimaita magana.

Na san zare, shekara talatin.
Kuskuren tsinin allura a wuyan riga,
kafin ka kai ƙasa ya zama taƙi.
Na so in faɗa masa. Na ga ya riga ni sani.

Da la'asar ya naɗe shi a yatsu biyu,
ya miƙo mini, duk ƙura.
A takardarsa na hango "mai yiwuwa" har sau uku.

Yau kwana tara.
Isuhu na buɗe huhun goro, yana yayyafa ruwa,
mutane na bi ta ɗaya gefen hanya.