Kurmi a Tumfure

Shekara tara na yi a Kalaba,
na dawo Gombe da kewar ruwan sama.
Na sa Ɗanjuma ya shafe bangon falo
da koren ɗanyen ganyen ayaba.
Kujerun gora, labule mai zanen aku,
ɗan kwakwa a tsohuwar randa.
Kullum jarka biyu nake saya,
ɗaya tamu, ɗaya tasa.

Goggo Dudu ta zo daga Kumo,
ta tsaya bakin ƙofa:
"Mu muka sare daji muka yi ɗaki,
kai ka kwaso shi ka shigo da shi?
Sauro zai gode maka."

Da la'asar na same ta ƙarƙashin ganyen,
takalmi a gefe, carbi ya zame,
tana barci
kamar a fadamar garinsu.