Kunnen Usta Ɗayyabu

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda Batulu ke dafa shayi da citta,
direbobi kan baje gardama bayan lisha:
wane inji ne namijin duniya?

Wannan ya ce na Jamus, ya bugi ƙirji.
Wancan ya ce na Japan ba ya tari.
Wani yaro da bai gama koyon ribas ba
ya ce sabon yayi mai ƙwaƙwalwa,
doki ɗari biyar a ciki, ba hayaƙi, ba hayaniya.

Usta Ɗayyabu na gefe yana hura kofinsa.
Sai da aka matsa masa ya ce,
"Kowa jarumi ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.
Ku tambayi Agaba, ita ce alƙaliya."

Shekara tara ina yaron motarsa.
Mu gangara Bur Sudan da riɗi da ƙaro,
mu juyo da siminti, tan talatin,
rana na narka kwalta tun daga Sawakin,
dutse ya miƙe gabanmu kamar tsohon bashi,
ni a ƙasa, waigi a kafaɗa, ina bin taya.

Giya ɗaya. Tafiyar hawainiya.
Silinda shida na sauke numfashi bi da bi
kamar mata shida na lugude a turmi guda.
Lagireto na huci, allura na leƙen ja,
amma ban taɓa ganin ya taka totur da fushi ba.
"Ba a dukan wanda ya goya ka," in ji shi.
Waɗanda suka wuce mu da oda da dariya
mukan tarar da su kafin Sinkat,
baki a wangame, suna zubar da ruwa a gefen hanya.

Ba shi da na'ura. Sukundireba ce likitarsa.
Ya kafa bakinta a jikin ƙarfe,
ya manna kunne a ƙota, ya lumshe ido:
"Nozul na huɗu yana kuka."
A kwance a duba, haka ne kuwa.
Gas sai ya bi ta ƙyallen rawaninsa kafin ya ga tanki.
Baƙin mai kuma, ranar juyewa ranar juyewa ce,
ko da za mu kwana da yunwa a Haiya.

Sau uku muka buɗe cikin injin nan.
Ringi daga Umdurman, fistan na kwance,
gaskit ɗin da ya yanka da almakashin matarsa.
Kowane karo ya tashi da tari biyu
sannan ya daidaita murya.

Kunnen da ya ci abinci da shi,
injin ne ya cinye shi a hankali.
Ya daina jin kiran salla, ya daina jin Batulu.
Sai ya koma ɗora tafin hannu a kan murfi,
ya ce magana ba ta ƙare ba,
ƙofa kawai ta sauya.

Ya rasu da kaka, ana ɗinkin buhuna.
Motar ba ta daɗe ba a bayansa:
katako ya ruɓe, shasi ya tsage,
'yan gwangwan suka yanka ta kamar sa.
Injin kaɗai na hana.
Na ɗora shi a amalanke, sannan a bayan wata motar,
na kai shi Maiwurno, garinmu na kaka da kakanni,
na girke shi a gaɓar kogi, na ɗaura masa famfo.
Wanda ya ja siminti a kan dutse
yau yana jan ruwa zuwa albasa da ayaba,
bai ce an rage masa girma ba, bai yi ƙorafin komawa baya.

Har yanzu in na leƙa wurin Batulu
gardamar na nan, sunaye ne suka sauya.
Ni ba na sa baki.
Amma da asuba, kafin in murɗa makunni,
nakan ɗora tafina a inda nasa ya goge fenti.
Ƙarfen da sanyi. Sai tari biyu.
Sai ruwa ya kama hanya.