Kundin Ruwan Logon

Ƙarfe tara na dare a Kusiri.
Ofis ya watse, saura ni da fanka mai tari,
da kwamfuta mai huci a kan teburi.

Kundina a buɗe. Ba na takarda ba ne,
irin wanda za ka rubuta umarni a ɗaki ɗaya,
ka buga, ɗakin ƙasa ya haifo maka zane.
Ɗari da sha bakwai aka haifa mini tun Litinin:
hawan Logon da saukarsa, shekara arba'in da ɗaya,
daga littattafan Malam Barma mai awon ruwa,
wanda ya yi ta shiga kogi da sandarsa
har gwiwoyinsa suka yi masa tawaye.

Kowane zane da ransa.
Ɗora masa kibiya, ya faɗa maka rana da kamu,
ja shi, Agusta ta warware kamar tabarma.
Na ƙaunace su, na yi ta ƙari.
Laifina ke nan, ban da wani.

Na danna a adana.
Wata 'yar da'ira ta hau juyi,
akuya a turke, tana zagaye ba ta zuwa ko'ina.
Na sha ruwa, na dawo, tana nan.
Sai jan rubutu a kusurwa, ko kunya babu:
ba a adana ba.
Ajiyar ƙarshe Talata da la'asar.
Yau Alhamis.

Sannan aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi tari na ƙarshe ta yi shiru.
Batir ya ce saura sha tara cikin ɗari,
ga fitilun Njamena can a ƙetare
suna ƙifta mini ido kamar da gayya.
Gobe da hantsi masu unguwa za su zo
su ji ko a kwashe gero da yara daga bakin gaɓa,
ni kuwa amsarsu tana rataye
tsakanin yatsana da wannan akuya.

Na kira Ɗanlami a Marwa, na tashe shi.
Ya ce, "Nawa nauyinsa?" Na faɗa. Ya yi salati.
"Kowane zanenka ya haɗiye lissafin duka a cikinsa,
ɗari da sha bakwai, kowa da cikin wata tara.
Wace ƙofa za su bi?
Share su, ka bar umarnin."
Na ce, kwana uku fa!
Ya ce, "Batir nawa?" Sha ɗaya.

Sai na tuna Guri mai fito,
ranar da ya sauke buhunan albasa a mashaya
mai kaya na zagi, shi yana kwance igiya:
jirgi ba ya ƙin mutum, kaya yake ƙi.
Kakata ma ba ta taɓa kai gona rumbu ba,
iri take ƙullewa a tsumma.

Na rufe ido ɗaya na share.
Ɗakuna suka koma wayam, allo bayan wanki.
Na danna.
Kafin in sauke numfashi, an adana.
Ko juyi ɗaya akuyar ba ta yi ba.

Da asuba, in wuta ta ga dama,
zan buga, su sake tsirowa ɗaya bayan ɗaya,
wannan karo kowa da ɗakinsa a waje.
Sai guda, wanda na gyara wa launi da hannu,
ban rubuta yadda na yi ba. Ya tafi.

Na kulle ofis, sauro na rakiya.
Littattafan Malam Barma suna cikin jakata.
Su ba su taɓa ce masa ba a adana ba.
Amma gara ta ci shekara biyu a tsakiya,
kuma ba wanda zan kira a Marwa
ya faɗa mini inda ruwa ya kai.